Tsakuwa Mai Ji: Wa Zai Saurari Kankaren Gadojin Bagudo?

A watan Satumba na 2020 Kogin Kwara ya yi cikar da dattawan bakin ruwa suka daɗe ba su ga irinta ba. A Yamai ma'aunin ruwa ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara auna kogin a birnin. Ruwan da ya wuce Yamai kuwa ba shi da wata hanya sai ta Gaya da Malanbil, daga nan ya faɗo Najeriya ta wajen Dolekaina da Lolo, ya ratsa ƙasar Bagudo, ya nufi Yawuri da tafkin Kainji. A shekarar an ba da rahoton cewa gonaki fiye da hekta 450,000, akasarinsu na shinkafa, sun nutse a Jihar Kebbi. Hanyoyi sun yanke, kwalbatoci sun tafi, sunan gadar Tuga kuma ya yi ta fitowa a labarai, saboda ruwa ya haye hanyar da ke kaiwa gare ta, jama'a suka shiga fargabar kada ita ma ta bi.

Allah ya tsare, ba ta bi ba. Ruwa ya janye, motoci suka ci gaba da hawa. Sai dai duk gadar da ta sha irin wannan ruwa tana barin tambayar da ido ba ya iya amsawa: me ya faru a cikin jikin ginshiƙanta? Ana iya ganin kankare sumul a waje alhali ya dare a ciki. Ana iya samun rodin da tsatsa ta cinye rabinsa, fuskar ginin kuwa ko tabo babu.

Wanda bai san Bagudo ba zai ɗauka zancen gada ɗaya ne kawai. Kogin ya raba ƙaramar hukumar gida biyu. Garin Bagudo na gefe guda, Ka'oje da Illo da Tsamiya da Lolo suna ɗaya gefen, a bayansu kuma sai Jamhuriyar Benin: Segbana, Kandi, har a dangana da tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Mai naƙuda, ɗan makaranta, buhun shinkafa, albasa, shanun da za a kai kasuwa, duk sai sun ƙetare ruwan. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, hankalin masu manyan motoci ya ƙara karkata ga hanyar Segbana da Tsamiya zuwa Kamba. Nauyin da kankaren wannan yanki ke ɗauka ba na ƙaramar hukuma ɗaya ba ne, na ƙasashe uku ne.

Nauyi kuma ba ya cin hanya daidai wa daida. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka lodin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninku kusan sau 16. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci gajiyar da titi, gadar da ke kan titin ma tana shan nata rabon.

Yadda ake duba kankare a yau

Injiniyan da aka aika duba gada yana zuwa ne da idonsa, da guduma, da ma'aunin faɗin tsaga. In ya yi sa'a yana da gudumar Schmidt, wadda wani injiniyan Suwizalan, Ernst Schmidt, ya ƙirƙira a 1948: ana danna ta a jikin kankare, a ga ƙarfin da ta dawo da shi, a yi kirdadon taurin fuskar. In abin ya yi tsanani sai a huda a ciro ɗan gunduwa a kai ɗakin gwaji a murƙushe. Duk waɗannan suna da amfani, amma duk suna buƙatar mutum ya je, ya kuma isa wurin da ake zargi. Ƙasan gada a tsakiyar kogi ba wurin da ake isa da tsani ba ne. A 'yan shekarun nan kuma, da hare-haren da ake dangantawa da 'yan bindigar Lakurawa suka addabi wasu sassan Kebbi na bakin iyaka, ma'aikacin da zai taso daga Birnin Kebbi ya yini a ƙarƙashin gada sai ya yi tunani sau biyu.

Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ba ta tsayawa kallo kawai. Takan ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kasa kunne. Lafiyayyar tukunya amonta garau yake fita, mai tsaga kuwa amonta a dushe yake, ko da tsagar ba ta fito fili ba. Abin da injiniyoyi suka shafe shekara 30 suna nema shi ne yatsa da kunnen da za a binne a cikin kankaren kansa, su yi ta ƙwanƙwasawa suna saurare dare da rana, ba tare da kowa ya je ba.

Abin da ya ba su dama wani hali ne da wasu duwatsu ke da shi. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Faris, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse dutsen ƙanƙara na kwaz, sai lantarki ya bayyana a fuskokinsa. Shekara guda bayan haka Gabriel Lippmann ya nuna da lissafi cewa abin zai yi aiki ta baya ma, wato idan aka ba dutsen lantarki zai motsa, 'yan'uwan kuma suka gwada suka tabbatar. Wannan shi ne halin fiyezo. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Paul Langevin ya yi amfani da shi wajen neman jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin teku. A farkon shekarun 1950 masu bincike a Japan da Amurka suka haɗa wani tangaran daga dalma da zirkoniya da titaniya, wanda ake kira PZT, ya fi kwaz ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ne kuma ake amfani da shi har yau.

Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Ƙarar da laitar kunna gas ke yi in an danna ta, ɗan tangaran ne aka buga ya fitar da tartsatsi. Agogon batir na hannu yana ƙidayar lokaci ne da ƙwayar kwaz mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Na'urar da ake ɗora wa mai juna biyu a ciki a asibiti don a ga jariri, da irin wannan tangaran take aika sauti ta karɓi amsarsa.

Abin da ake binnewa

Faifan PZT ɗin da ake sa wa a kankare bai fi girman farce ba, ga shi siriri, ga saurin karyewa, kuma ruwa na lalata haɗin wayarsa. In aka jefa shi haka cikin kwaɓi, tsakuwa da injin girgiza kankare za su farfasa shi nan take. Dabarar da Farfesa Gangbing Song da abokan aikinsa na Jami'ar Houston suka yaɗa wajen 2007 da 2008 ita ce a shafe faifan da abin hana ruwa, a rufe shi a cikin ɗan dunƙulen siminti ko tsakanin marmara biyu, ya zama daidai girman tsakuwar kwaɓi. Sai a ɗaure shi a jikin rodi kafin zubi, a jawo wayarsa waje. Da kankare ya daskare, ya zama ɗaya daga cikin tsakuwoyin ginin, sai dai wannan tsakuwa tana ji, tana kuma iya yin motsi. A Indiya, Farfesa Suresh Bhalla na cibiyar fasaha ta IIT Delhi ya fitar da irin nasa samfurin.

Hanya uku ake sa ta aiki. A ta farko tsakuwa biyu ne: ɗaya ta aika sautin da kunnen mutum ba ya ji, ɗaya ta karɓa. A cikin kankare mai kyau sauti na gudun kusan kilomita 4 a daƙiƙa, in ya sauka ƙasa da 3 akwai abin dubawa. Tsaga ko rami a tsakaninsu na tare sautin, ya iso a makare kuma a raunane. A ta biyu tsakuwa ɗaya ce ke yin aikin duka: a ba ta lantarki mai kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa, yawanci daga 30,000 zuwa 400,000, a auna yadda kankaren da ke riƙe da ita yake hana ta motsi. In riƙon ya sauya, saboda tsaga ko saboda rodi ya yi tsatsa ya kumbura, zanen da kwamfuta ke fitarwa ma sai ya sauya. Tushen lissafin wannan hanya ya fito ne daga jami'ar Virginia Tech a 1994. A ta uku na'urar ba ta aika komai, saurare kawai take yi. Duk lokacin da kankare ya dare ko zaren ƙarfe ya tsinke, yakan saki wani ɗan sauti mai kaifi, na'urori uku ko huɗu su ji shi a lokuta mabambanta, daga nan a lissafa inda abin ya faru.

Wannan hanya ta uku ta taɓa yin rana a Landan. Gadar sama ta Hammersmith, wadda aka buɗe a 1961, igiyoyin ƙarfe ne da aka ɗaure tamau a cikin kankare ke riƙe da ita. Ruwan gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ya riƙa tsiyaya yana cin igiyoyin a ɓoye. An manna ɗaruruwan na'urorin saurare a jikinta, suka riƙa ƙidaya zaren da ke tsinkewa, da aka ga abin na ƙaruwa aka buɗe wasu wurare aka duba. A watan Disamba na 2011 hukumar sufuri ta birnin ta rufe gadar baki ɗaya, ana gab da Kirsimeti, a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi cunkoso. An sha suka. Amma an gyara ta, tana nan tana aiki, babu wanda ya mutu.

Kwana 28 na farko

A ganina, ba ranar ambaliya ce wannan na'ura za ta fi yi wa Bagudo amfani ba. Ranar zubi ce, da makonni huɗun da ke biye da ita.

Mutane da yawa, har da wasu magina, suna ɗauka kankare bushewa yake yi. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa yake da ruwa, su zama wani abu sabo mai ɗaure yashi da tsakuwa, wannan haɗuwa kuma tana ɗaukar lokaci. A kwana 7 kankare kan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin da aka yi lissafi a kansa. In ruwan ya gudu kafin lokaci, haɗuwar ta tsaya ke nan, ƙarfin da bai samu ba kuma da wuya ya same shi daga baya. To a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, iskar hunturu kuma ke tsotse danshi cikin sa'o'i, ban ruwa shi ne rabin aikin. Shi ne kuma abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin ba ya nuna kansa a hoto, ga jigilar ruwa da tanka akwai tsada.

Wata ɓarakar tana wajen kwaɓi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin zubi ya san kiran nan na "a ƙara ruwa, ya yi tauri". Leburan da ke ɗaukar kwanon sarki tun safe yana da gaskiyarsa, kwaɓi mai ruwa ya fi sauƙin ɗauka da zubawa. Amma ruwan da ya wuce abin da siminti ke buƙata, in ya ƙafe, ƙananan ramuka yake bari, ta nan danshi ke bi ya kai ga rodi. Rodin da ya yi tsatsa kuma kumbura yake yi, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri sau biyu ko fiye, sai ta tura kankare ya fashe daga ciki. A haɗa da rage buhun siminti, da yashi mai laka, da sa siminti mai daraja 32.5 a inda aka rubuta 42.5. BUA na da babban kamfanin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, don haka ba a rasa siminti mai kyau a yankin ba. Abin da ke faruwa tsakanin buhu da ginshiƙi shi ne matsalar.

Ƙa'ida ta tanadi gwaji: a ɗebi kwaɓi a cika 'yan akwatuna masu faɗin milimita 150, a jiƙa su a ruwa, a murƙushe a kwana 7 da kwana 28. Gwaji ne mai kyau, amma yana da rauni biyu. Ɗan dunƙulen gwajin yana kwance a cikin tankin ruwa a inuwa, ginshiƙin kuwa yana tsaye a rana, don haka sakamakon na dunƙulen ne, ba na ginshiƙin ba. Na biyu kuma, wanda ba ya tsoron Allah zai iya kwaɓa na gwaji daban, na aiki daban. Takarda za ta fito da hatimi, lambobi su yi kyau.

Tsakuwar da aka binne a cikin ginshiƙin kansa ba ta san da wannan ba. Tun daga sa'ar da kwaɓi ya fara kamawa take ba da rahoto: sauti na ƙara sauri, riƙo na ƙara ƙarfi, awa bayan awa. In aka daina ban ruwa a kwana na uku, zanen zai nuna. In motar kwaɓi ta biyar ta zo da ruwa tsululu, wurin da aka zuba ta zai bambanta da na kusa da shi. A Jihar Indiana ta Amurka, Farfesa Luna Lu ta Jami'ar Purdue ta fara irin wannan aiki da ma'aikatar sufurin jihar a 2017, aka binne na'urorinta a manyan tituna, har da na zoben da ya kewaye birnin Indianapolis. Su buƙatarsu ita ce su san ranar da za a buɗe wa motoci sabon titi ba tare da an yi gaggawa ko an ɓata lokaci ba. A 2024 ƙungiyar hukumomin titunan Amurka ta amince da hanyar a matsayin gwaji na ƙa'ida. Mu buƙatarmu ta wuce ranar buɗewa. Muna buƙatar shaidar da ba ta karɓar na goro.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da rashin irin wannan shaida ke jawowa. Bene mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40. A Kano bene ya rufta a titin Beirut a watan Agusta 2022. A Jos, ranar 12 ga Yuli 2024, ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Bayan kowace musiba sai a kafa kwamiti, a ciro gunduwar kankare daga ɓaraguzai a auna. Awon da ya kamata a yi tun mutane na da rai.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Gadar da aka riga aka gama sai dai a manna mata na'ura a jiki, ko a huda a cusa a toshe, kuma ba za a taɓa samun labarin yadda take a ranar haihuwarta ba. Wannan labarin farko kuwa shi ne ma'aunin da ake kwatanta duk abin da ya biyo baya da shi. Shi ya sa lokacin magana yanzu ne. A watan Oktoba 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai tsawon kilomita 1,068, wadda kilomita 258 nata ke cikin Jihar Kebbi, kuma da kankare mai rodi ake shimfiɗa ta, kamar yadda Ministan Ayyuka David Umahi ya dage. Kebbi ba ta taɓa ganin zubin kankare mai yawan wannan ba. Ga kuma gadoji da kwalbatocin da ambaliya ke tilasta a sake ginawa kusan kowace shekara a hanyoyin bakin kogi. Duk ginshiƙin da aka zuba ba tare da kunne a cikinsa ba, an rufe ƙofar ke nan ta shekara 50.

Abin da ba ta ji

Zai zama cin amanar mai karatu a bar shi da zaton cewa an samo maganin komai. Babban makashin gadojin kogi ba tsaga ba ce, zaizayar gindi ce. Ruwa mai gudu in ya bugi ginshiƙi yakan yi juyi a gindinsa, ya riƙa kwashe yashi yana haƙa rami, har tushen ya rasa abin dogaro. Kankaren na iya kasancewa lafiya ƙalau, gadar ta durƙushe. Binciken gadojin da suka faɗi a Amurka ya nuna cewa fiye da rabi ruwa ne ya kayar da su. A Fotugal, ranar 4 ga Maris 2001, gadar Hintze Ribeiro da ke kan Kogin Douro ta rufta da motar bas da ƙananan motoci, mutum 59 suka halaka, kuma ɗiban yashi daga kogin na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Masu ɗiban yashi a kusa da gadojinmu, da masu ba su izini, ya kamata su ji wannan. A gida ma, gadar Namnai ta Jihar Taraba a 2024 da gadar da ruwa ya tafi da ita a Mokwa a watan Mayu 2025, duk ruwa ne ya ci su.

Tsakuwar da ke cikin ginshiƙi za ta iya jin sauyin yadda ginshiƙin ke kaɗawa in gindinsa ya saki, akwai kuma masu gwada sandunan fiyezo da ake kafawa a yashin kogi, waɗanda ke fara rawa in ruwa ya tone su. Amma abin da ya fi sauƙi a Tuga shi ne a auna zurfin ruwa a gindin kowane ginshiƙi kafin damina da bayanta, da ƙaramar na'urar sauti a cikin kwalekwale. Sarkawa da sauran masuntan wurin ma sun san inda gurbi ya ƙara zurfi bana, domin gorarsu na gaya musu. Rashin tambayarsu asara ce. Kogin kuma sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa na daminarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso a lokacin sanyi. Jadawalin awo sai ya bi na kogin.

Akwai sauran iyakoki. Jin tsakuwa ɗaya ba ya wuce ɗan kewayenta, sau da yawa ƙasa da mita guda, don haka sai an san inda za a sa ta: gindin ginshiƙi inda ruwa ke hawa yana sauka, wuyan da ke ɗauke da dogayen katakon kankare, mahaɗar da ruwan sama ke tsiyaya. Zafi ma na rikita ta. Bambancin tsakar ranar bazara da asubar hunturu na iya sauya zanen fiye da yadda ƙaramar tsaga za ta sauya shi, sai an binne ma'aunin zafi a gefenta, an kuma tara bayanan shekara guda cur, kafin a iya rarrabe ciwo da yanayi. Lissafin da aka yi a Houston ko Indiana ba zai hau kan yashin Kwara da tsakuwarmu kai tsaye ba, sai an sake gwadawa a nan. In kuma wayarta ta tsinke a cikin kankare, shi ke nan, ba a tono ta.

Sai waje: akwatin karatu, faifan hasken rana, batir, layin waya. Duk abin da ke da tagulla ko batir a gefen hanya, kowa ya san makomarsa. A bakin iyaka sabis ɗin waya ma ba shi da tabbas. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa da mu, aƙalla da farko, shi ne wanda ba a barin komai mai tsada a waje: a binne tsakuwoyin, a kai bakin wayoyinsu cikin ƙaramin akwatin ƙarfe da aka gina a jikin gadar, ma'aikaci ya zo da na'urar karatu a jaka sau ɗaya a wata, kullum kuma a lokacin cikar ruwa. Faifan PZT kansa ba shi da tsada. Na'urar karatun ɗakin gwaji ce mai tsada, amma akwai ƙaramin guntun lantarki mai suna AD5933 da ɗalibai a ƙasashe da dama ke harhaɗa mai araha da shi. Wannan aiki ne da bai fi ƙarfin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Waziri Umaru ba, musamman in sun haɗa kai da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI. Kwalbati ɗaya da za a sake ginawa a hanyar Ka'oje ya isa a fara da shi.

In ta yi magana

Gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya ta faɗi ranar 14 ga Agusta 2018, mutum 43 suka mutu. An daɗe da sanin cewa igiyoyin da ke cikin kankarenta na tsatsa. A 2017 masana daga jami'ar fasaha ta Milan sun auna kaɗawarta, sun nuna damuwa a kan ginshiƙin da daga baya ya faɗi, sun ba da shawarar a sa na'urorin sa ido na dindindin. An tsara gyara, ba a kai ga farawa ba, ba a kuma rufe hanyar ba. Landan ta sani, Genoa ma ta sani. A Landan an samu wanda ke da ikon rufewa, ya kuma rufe.

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin a Bagudo rufe gada ba ƙaramar magana ba ce. Mutumin Landan in an rufe masa gada zagaye yake yi. Mutumin Illo ko Ka'oje kwalekwale zai shiga. Jihar Kebbi ba ta manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa maƙare da 'yan kasuwa ya kife a wajen Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, mutane fiye da 100 suka salwanta. Jami'in da ya rufe gada a ranar kasuwar Tuga saboda wani zane ya motsa a kwamfuta, in bai yi tanadi ba, ya kawar da haɗari ɗaya ne ya buɗe wani. In kuma ya rufe sau biyu aka duba ba a ga komai ba, a karo na uku ba wanda zai saurare shi.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata su shiga takardar kwangila tun kafin a zuba kwano ɗaya. Bayanan na'urorin su tafi ga ma'aikatar da ta ba da aikin da kuma wata jami'a mai zaman kanta a lokaci guda, ba ta hannun ɗan kwangila ba, kuma biyan kuɗin zubi ya rataya a kan abin da suka nuna a kwana 28. A rubuta sunan ofishin da zai ci gaba da karatun bayan an miƙa aiki, ko na tarayya ne kamar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA ko na jiha, da kuɗinsa a kasafin kowace shekara, domin mun saba ganin kayan aiki sun mutu ranar da ɗan kwangila ya kwashe injinansa. Hukumar kula da aikin injiniya ta COREN na da hurumin neman ganin waɗannan bayanai.

Sai kuma matakan da za a bi in alama ta fito, a yarda da su tun hankali na kwance. Alamar farko, injiniya ya je ya duba cikin kwana biyu. Ta biyu, a tsayar da tireloli masu lodi a Tsamiya da Bagudo, ƙananan motoci da babura da motar asibiti su ci gaba da wucewa, wanda hakan na buƙatar sikelin awon mota mai aiki da haɗin kan jami'an kwastan. Ta uku ce kaɗai rufewa baki ɗaya, ita ma sai da jiragen fito masu rajista, da rigunan ruwa, da mai ƙidayar fasinja a kowace gaɓa. A kan wannan takarda ana buƙatar hannun gwamnatin jiha, da shugaban ƙaramar hukuma, da hakiman gaɓar kogin biyu, da shugabannin direbobi da masu motoci na NURTW da NARTO, a kuma karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, a aika kwafinta ga hukumomin Segbana, tunda motocinsu ma a kan gadar suke bi.